Hannun Kofur da bangon Awo Dede

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da farar ƙasa ta cinye hannun maigidana ba. Ku da kuke gyaran bango yanzu a Zango, ku saurara. Malam, kai kuma rubuta yadda na faɗa, in ka ga ina share hawaye ka ɗan jira ni. Bara da azumi ya rasu, har yau kwano biyu nake ɗaukowa in na gama tuwo.

Shekara biyu ke nan bayan yaƙin Asante aka sallame shi daga soja. Kofur ne, wato mai igiya biyu, yana sama da farabiti, yana ƙasa da saje, amma in ka ji muryarsa sai ka rantse shi ne Gwamna. Kofur nake ce masa har a ɗaka. Kafin soja magini ne a ƙasar Zazzau, don haka da muka zauna a Ankara, garin bakin teku, ya koma sana'arsa, ni ina kwaɓa masa ƙasa. A Zango, unguwarmu ta Hausawa, aikin kaɗan ne, kowa shi yake yaɓe ɗakinsa. Gidajen dutse na ƙabilar Ga, masu garin, can bakin teku, su ne masu aiki, kuma ba su taɓa kiran ɗan Zango ba.

Sai ga Awo Dede, wata dattijuwa mai sayar da kifi, wadda ta iya Hausar kasuwa. Shafen bangonta na bakin hanya ya tsage yana zubowa, saura kwana shida bikinsu na shekara, lokacin da dangi ke cika gida. Maginan garinsu duk an riga an ɗauke su aiki. Ta ce, "Kofur, in ka yi kyau, zan faɗa a kasuwar kifi. In ka ɓata, nan ma zan faɗa." Wanda ya san kasuwar kifi ya san ba wasa take yi ba.

Ta fito da kwandon kayan aikin wanta da ya rasu, shi ma magini ne. Kofur ya ɗaga cokalin gini da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Awo, wannan na shan koko ne? A garinmu magini da tafin hannunsa yake yaɓe. Mai tsoron hannunsa shi ke neman ƙarfe."

"Farar ƙasar nan tana cizo," in ji Awo.

"Ni da na tsaya gaban bindigar Asante?"

A Arewa farar ƙasa haƙo ta ake yi, yara ma suna wasa da ita. Ta bakin teku kuwa katantanwar ruwa ake ƙonawa, a jiƙa, a gauraya da yashi. Kama ɗaya, hali daban. Ni da fartanya na kwaɓa, shi ya sa na tsira. Shi kuwa tun hantsi yake dumbuza da hannu yana maka wa bango yana waƙar bariki. Da azahar waƙa ta tsaya. Da la'asar ya zo yin alwala, ruwa ya taɓa hannun, sai na ji jarumin yaƙin Asante ya kira sunan uwarsa. Tafin ya saluɓe, yatsun sun tsattsage. Abin da ya yaɓa kuma, da yake bai cire ruɓaɓɓen shafe ba, kafin magariba rabinsa yana ƙasa.

Na wanke hannun, na shafa man kaɗanya, na naɗe da tsumma. Ni na ba shi tuwo a baki. Ya ce, "Gambo, in Awo ta kai ni kasuwar kifi, sai dai mu koma dako."

Da sassafe na je na durƙusa wa Awo, na ce ta ba ni kwandon nan. Ta dube ni, ta dubi Kofur da ke bayana da hannu kamar ƙullin daddawa biyu, ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Sannan ta gaya mini abin da ta ga wanta yana yi.

Ban san sunan ko ɗaya cikin kayan ba, sai na zaɓa yadda nake zaɓen muciya. Na ajiye babbar guduma, don bangon tsoho ne, in ka doke shi nan sai ya zube can. Na ɗauki ƙarama da wata guntuwar adda. Babban cokali ya fi ƙarfin wuyan hannuna, na mayar. Na ɗauki matsakaici na ɗiba da shimfiɗawa, da wani siriri mai tsini da zai shiga tsaga, da katako mai mariƙi na lailayawa. Tsintsiya da ƙwarya daga gida na zo da su.

Ga yadda aikin yake. Ka ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma. Inda ya amsa kamar tulun da ba ruwa, shafen ya rabu da dutse, ka ɓamɓare shi da adda har ka kai inda ya kama. Ka share, ka yayyafa ruwa da tsintsiya, don busasshen bango yana tsotse ruwan kwaɓi ya tofar maka da sauran. Ka sa shafen farko, ka karce shi, ka bar shi ya kwana biyu. Na biyu siriri ne, shi ake bi da katako.

Kofur fa? Ya zauna a kan turmi, ya ɓoye hannu cikin riga, ya fuskanci hanya. Da ya hango mutum sai ya ɗaga murya: "Hagu! Na ce miki hagu! Haka na koya miki?" In mutumin ya wuce sai ya yi ƙasa da murya: "Gambo, me ya sa kike jiƙa shi?" In gaya masa. Mai wucewa na gaba shi zai ji Kofur yana tsawa, "Jiƙa shi tukuna, mace!"

Awo ta ce, "Wannan mijinki, bakinsa bai ƙone ba."

Ana gobe biki muka gama. Awo ta cika alkawari, ta faɗa a kasuwar kifi cewa Kofur na Zango ya iya bango. Ba ta ƙara komai ba, Allah ya saka mata. Ta bar mana kwandon. Daga nan muka yi ta shiga gidajen bakin teku shekara ashirin da wani abu, kuma bai sake taɓa farar ƙasa da hannu ba. Ya riƙa zagin sababbin magina yana cewa jahilai ne, ba su san cokali ba.

Da ciwo ya kama shi, wata rana muna dawowa daga wurin mai magani, ya ce mu bi ta bakin teku. Ya tsaya gaban bangon yana haki, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Kin gani? Aikina yana nan."

Na ce, "Yana nan, Kofur."

To, ku ji. Kowane bango da abin da yake ci, ku tambayi masu gida kafin ku zaɓi ƙarfe ko katako. Ku kuma san halinku, ku magina: gara fatarku ta saluɓe da ku ce ba ku sani ba. Na zauna da irinku shekara arba'in. Da za a dawo mini da shi ya yi mini tsawar ƙarya sau ɗaya, wallahi da na ce masa to.