Takubban Mai Aski

Babana mai gyaran agogo ne, amma a layinmu da sojojinsa aka san shi. Sojojin roba ne, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, irin na yara da ake sayarwa a leda. Makamansu ne bai yarda da na kanti ba. Shi yake ƙera musu: mashi da tsinken tsintsiya, garkuwa da murfin kwalba, bindiga da bututun biro, takobi da gwangwanin madara. Marigayiya mahaifiyarmu ta sha cewa a gidan nan ko maɓalli ne ya faɗi ƙasa, ya shiga aikin soja ke nan.

Abokin yaƙinsa Mai Aski ne, maƙwabcin shagonsa. Duk Lahadi da la'asar sai su baje rundunoninsu a kan wani tsohon tebur a ɗakin baya na gidanmu, gemai-gemai da su, suna jefa ɗan lido suna matsar da sojoji. Ba a kwashe tebur sai yaƙi ya ƙare, haka dokarsu take, kuma sojan da makami ya faɗi daga hannunsa gawa ne. Mai Aski da tsohuwar reza yake yanko takubbansa. Baba kuwa ko kusa da reza ba ya zuwa, ya ce aikin masu gaggawa ne.

Ana tsakar wani yaƙi Mai Aski ya rasu. Tebur ya zauna yadda suka bar shi. Sannu a hankali idon Baba ya dushe, hannu ya kama rawa, shago ya rufe. Na zo in tafi da shi gidana.

"Baba, ka tattara mu tafi. Na gyara maka ɗaki."

"Sai an gama, uwata," ya ce. "Ranar da sojana na ƙarshe ya faɗi, zan tafi. Alkawari ne."

Na ce to, taurin kan tsufa ne, bari in zauna kwana biyu in lallaɓa shi.

Da rana tsaka nakan kai masa abinci ɗakin, kuma kullum sojojin Mai Aski sun ƙara matsowa. Na ɗauka shi yake tura su, kewa ce ta ishe shi. Sai ran nan na ga sababbin takubba a hannunsu, suna ƙyalli, yankan reza ne tsaf. Baban da ko maɓallin rigarsa ni nake saka masa. Ni nake share gidan, babu reza ko ɗaya a cikinsa. Ɗakin kuma sai ƙamshin sabulun aski yake yi.

A ɓangaren Baba, su mashi da garkuwa na kwance a gaban sojojinsa, ba a karye ba, an jera su a hankali. Ya lalubi sojojin ɗaya-ɗaya yana sakawa cikin akwatin tsohon agogo. 'Yan kaɗan suka rage a tsaye.

"Baba, da wa kuka yi alkawarin? Ina ne za ka tafin?"

Ya juya fuskarsa wajen kujerar Mai Aski, wadda babu kowa a kai. Nan na gane ba gidana yake nufi ba. Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi.

Ranar na sayo ledar sojoji na zube masa. Ya shafa hannayensu ya girgiza kai.

"Waɗannan gawarwaki ne. Ba su riƙe komai ba."

Na jawo kujera, na ce ya koya mini. Na sha yanka da gwangwani, gam ya manne mini yatsu, mashi na farko da na ƙera ya fito a karkace. Yau ni da na zo in tafi da shi, ni ce ke tsintar murfin kwalba a titi. Mijina ya gaji da tambayar yaushe zan dawo. Duk sojan da ya faɗi da rana, kafin la'asar na tsayar da wani.

Jiya ina liƙa wa wani garkuwa, Baba ya karkata kunne wajen kujerar nan, ya yi murmushi.

"Ya ce hannunki ya fi nawa kyau, uwata. Ya ce shi ba ya gaggawa kuma."