Kiran da Ba Ta Ji Ba

Na fi shekara ashirin ina riƙe da alli, ranaku da yawa sun shige sun ɓace mini, amma akwai wata Laraba ta farkon damina da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Har yau in hadari ya haɗo ina cikin aji, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin ina koyar da aji uku a wata firamare da ke gefen hanya in ka bar cikin Minna ka nufi Garatu. Kullum daga unguwar Sauka Kahuta nake hawa keke napep in tafi. Makarantar gini biyu ce: sabo na bulo, inda ofishin hedimasta yake, da tsoho wanda kwanonsa ya yi tsatsa, katakon rufinsa duk gara ta ci. Ajina na cikin tsohon. A bayan ajin akwai wani ɗan sito mai ƙofar katako da 'yar taga ɗaya, inda muke zuba tsintsiya da karyayyun bencina da tsofaffin littattafai.

Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya 'yar shekara tara, siririya, 'yar wani manomin doya. Can baya take zama jikin bango. Duk abin da na rubuta a allo za ta kwafe shi tsaf, da rubutu mai kyau kuwa, amma ranar shifta takardarta fayau take dawo mini. In ina rubutu na kira sunanta, shiru. Sai na juyo na zare mata ido sannan ta miƙe da sauri. Ni kuwa na yanke hukunci cewa raini ne da kunnen ƙashi. Na sha tsula mata bulala a kan haka, ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai ta tsura wa bakina ido, ni kuma kallon ya ƙara tunzura ni.

A zango na biyu aka turo mana wata mata daga wani asibiti a cikin gari domin ta duba jin yara. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana tafe da wata 'yar na'ura a jaka. Muka fara ce mata Likita, ta yi dariya ta ce ita ba likita ba ce, aikinta auna ji da taimaka wa waɗanda jinsu ya ragu. Sunan dai ya bi ta. A ofishin hedimasta ta zauna, don nan ne babu hayaniya. Yaro zai shiga, ta sa masa abin sauraro a kunnuwa biyu, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu.

Da ta gama da ajina ta kira ni gefe.

"Malama, yarinyar nan da ke zama a baya, kin san ba ta ji sosai?"

Na ce, "Tana ji mana, Likita. Abin da ta ga dama take ji."

Ta girgiza kai. "Kunnuwan biyu duk sun yi rauni. Bakinki take karantawa. In kika ba ta baya, ko akwai hayaniya, kusan babu abin da ke isa gare ta. Ki dawo da ita gaba, ki riƙa fuskantar ta in za ki yi magana. Abu ɗaya kuma nake so ki riƙe. In wani abu ya taso, kada ki dogara da kira ko ƙararrawa. Ki je ki taɓa ta."

Na ce to. Ta ce za ta aika a nemo mahaifin, kuma za ta dawo ta ɗauki awon kunnen yarinyar don a yi mata na'urar ƙara ji.

Gaskiya zan faɗa, maganar ba ta shige ni ba. A raina na ce wannan ta zo ta yi yini ɗaya, tana koya mini yaran da nake tare da su kullum. Na dawo da yarinyar gaba kwana biyu, sai manyan yara suka ƙwace bencin, ta koma mazauninta na da. Ajin ya cika maƙil, kaina ya yi zafi, na bar abin ya wuce.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, matar ta dawo tun da safe, tana ofishin hedimasta tana jiran mahaifin ya taso daga gona. An yi wani irin zafi mai sa mutum fushi ba dalili. Wajen sha ɗaya ina rubutu a allo na kira yarinyar ta tattaro mini littattafan aikin gida. Na kira sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Na taka har inda take, na kama hannunta na kai ta sito, na nuna mata tarin tsofaffin littattafai. Na sunkuyo dab da fuskarta na ce, "Ki jera su. Kada ki kuskura ki fito sai na kira ki." Ta gyaɗa kai. Wannan kam ta fahimce shi sarai, domin tana kallon bakina. Na ja ƙofar na koma darasi.

Ba a yi rabin awa ba gari ya canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ajin ya yi duhu har ba a ganin rubutun allo. Iska ta fara da sanyi mai daɗi, yara suna murna, kafin ka ce me ta koma wani abu dabam. Tagogi suka riƙa bugawa, ledoji da ganyaye suna shigowa, kwanon rufi ya fara ɗagawa yana komawa da wata ƙara kamar ana dukan ganga. Sai ga hedimasta a guje yana buga ƙararrawa yana cewa kowa ya bar tsohon gini ya koma sabo.

Ban san yadda zan kwatanta muku rububin da aka yi ba. Yara suna kuka, suna tattake juna a bakin ƙofa, wasu sun bar takalma. Na ɗauki wata ƙarama da ta faɗi, na kora sauran, muka ratsa fili ƙasa na shiga mana ido. Muna isa barandar sabon gini wani fallen kwano ya ɓalle daga ajin da ke kusa da nawa, ya yi sama ya juya, ya faɗo tsakiyar fili ya kafe a ƙasa. Da ya sami mutum da ya raba shi biyu.

Ina haki ina dudduba yara sai na ji an riƙe kafaɗata. Matar nan ce.

"Malama, ina yarinyar?"

Da ƙyar na nuna tsohon gini na ce, "Tana sito."

Na fara ƙwala kiran sunanta. Malamai suka taya ni, yara ma suka ɗauka, hedimasta ya ci gaba da buga ƙararrawa kamar zai fasa ta. Mu fiye da ɗari muna kiran yarinya ɗaya. Matar ta juyo da ni ta ce, "Ku daina wahalar da kanku, ba za ta ji ba. Wace ƙofa ce? Zo ki nuna mini."

Hedimasta ya ce kada kowa ya fita, rufin zai tafi. Matar ta tuɓe takalmanta kawai ta ja hannuna. Ban bi ta don jarumtaka ba. Na bi ta ne don na san in yarinyar nan ta mutu, ni na rufe mata ƙofa.

Ruwa ya sauko lokacin, manyan ɗigo masu zafin duka. Iska ta tura mu gefe har sau biyu. Da muka shiga ajin, rabin rufin ya riga ya buɗe, ana ganin sama. Katakai suna ƙara kamar ana karya ƙashi, silin yana zubowa gutsure-gutsure. Ina ta salati a bayyane. Na tura ƙofar siton ta ƙi buɗewa, iska ta danne ta ko gini ya motsa, ban sani ba. Muka haɗa kafaɗa mu biyu muka banke ta.

Tana nan a tsugune a lungu, ta ba ƙofa baya, ta rungume littattafai a ƙirji don kada ruwa ya jiƙa su. Na sake kiran sunanta daga bakin ƙofa, ko motsi ba ta yi ba. Matar ta wuce ni, ta zagaya ta gabanta ta durƙusa, ta dafa hannunta, ta bari ta ga fuskarta, sannan ta nuna ƙofa. Yarinyar ba ta tashi ba. Ta leƙo ta bayan matar ta dube ni, tana jiran bakina.

Na ce, "Taso."

Sai ta miƙe.

Mun fito baranda ke nan sauran rufin ya tashi gaba ɗaya. Wani katako mai ƙusa ya sauko ya yage mini damtse, ban ma ji zafinsa ba sai daga baya. Muna tsakiyar fili muka ji wata ƙara mai nauyi a bayanmu. Bangon baya ne ya rufta cikin siton, daidai lungun da take tsugune.

A ofishin hedimasta aka ɗaure mini hannu da ɗankwali. Yarinyar na zaune a kan kujera an lulluɓa mata zani. Na durƙusa gabanta na ce, "Ba ki ga duhu ba? Ba ki ji gini na girgiza ba? Me ya hana ki gudu?"

Ta ce, da 'yar muryarta da ba ta fita sosai, "Na gani, Anti. Kin ce sai kin kira ni."

Na fashe da kuka a gaban ɗalibai da malamai. Ashe tsorona ya fi mata tsoron iska. Tana zaune rufi na tashi a kanta tana jiran kira, mu kuma muna can muna ta kiran.

Da ruwa ya tsagaita mahaifin ya iso a kan babur, jikinsa duk taɓo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon da ya faɗi. Ban jira wani ya gaya masa ba, na faɗa masa komai da bakina, har da bulalar da na sha yi mata. Na zaci zai zage ni. Sai ya ce da irin Hausarsa ta wanda ba Bahaushe ba, "Malama, ni ma na duke shi a gida. Tun da ya yi babban zazzaɓi ne ya koma haka. Mun ce taurin kai ne." Ya juya wajen matar ya ce, "Madam, abin da za a yi, a yi."

A ranar matar ta ɗauki awon kunnen yarinyar. Kafin ta tafi ta kira ni, ta sa mini abin sauraron nan a kunne, ta murɗa wani abu, ta ce in rufe ido. Ta yi magana. Na ji kamar mutum na gunaguni daga cikin rijiya, ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Ta cire ta ce, "Haka take jin darasinki kullum." Ba ta kuma taɓa tuna mini cewa ta gargaɗe ni ba.

Bayan 'yan makonni ta kawo na'urar, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Lokacin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro muke karatu. Da aka kunna, yarinyar ta zabura ta kama hannun babanta, ta yi ta waige-waige, ashe kukan tsuntsaye ne ya ba ta tsoro. Matar ta ce kada mu ɗauka an gama, na'ura taimako ce, ba ta mayar da kunne sabo. Ta koya wa mahaifin canza batir da kare ta daga ruwa. Ta tara mu malamai ta nuna mana inda ya kamata irin waɗannan yara su zauna, da yadda za mu rubuta umarni a allo maimakon faɗa kawai, da cewa kowane aji ya san wanda za a je a taɓa in abu ya taso. Ta ci gaba da leƙo mu duk zango, tana sake awo tana daidaita na'urar. A zuwanta na gaba ta gano wasu yara biyu masu irin wannan lalura a aji ɗaya, tun abin bai yi nisa ba.

Yarinyar ta gama firamare a hannunmu, ta wuce sakandare. Bara na gamu da ita a Kasuwar Kure tana taya yayarta sayar da doya lokacin hutu, ta girma ta fi ni tsawo. Ita ta fara gane ni, ta rungume ni tana dariya. Ni ce na kasa haɗa ido da ita sosai.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in yaro bai amsa ba, in fara tambayar kaina ko maganata ta isa gare shi kafin in ɗora masa laifi. In kuma wanda ya san aikinsa ya gaya mini abu a kan ɗalibina, in ajiye girman kai in saurara. Yarinyar nan rashin jinta lalura ce da Allah ya ɗora mata. Ni kuwa kunnuwana lafiya lau aka gaya mini gaskiya na ƙi ji, saura kaɗan kuma ta biya da ranta.