Ruwan Toka Ya Cinye Mini Fuska

Ni 'yar talla ce a lokacin, a Tudun Wada, zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa Zariya ba, mutane ma ba su gama kallon jirgin ƙasa ba. Ni da 'yar goggona muke kai wa leburorin reluwe waina. Ƙullunmu ɗaya, tandarmu ɗaya, amma kullum tata ke fara ƙarewa. Wallahi ba ta fi ni hanci ba, ba ta fi ni ido ba. Fata ce kawai Allah Ya ba ta, sumul tana sheƙi, ni kuwa ga ƙuraje. In na ji ana yaba ta sai in ji kamar an watsa mini barkono a ƙirji. Haushinta nake ji, alhali tabarma ɗaya muke kwana.

Innata sabulun salo take yi. A wautata na ɗauka datti ne ya dusashe ni. Tunda ruwan toka ne ƙarfin sabulu, me zai hana in yi amfani da tsantsarsa? Na riƙa ɗiba a ɓoye, in ƙara kanwa, in dirje fuska da soso safe da yamma. Da farko ta yi ƙal, na ce madalla. Ba a jima ba ta soma raɗaɗi, ta tsattsage, tana ruwa. Wani lebura ya dube ni, ya mayar da wainar da ya ɗauka, ya tambayi na kusa da shi ko ba kuturta ba ce. Shi ke nan, magana ta bazu. Ba mai sayen abin hannuna, har aka fara cewa a kai ni inda ake ware kutare.

Wadda nake ƙyashin ce ta zauna da ni. Ta hana ni sabulu, tana shafa mini nono mai tsami, ta bi da man kaɗanya. Ta ce fata tana da ɗan tsaminta da maiƙonta, su ke tsare ta, toka kuwa kashe su take yi, yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa. Na tambaye ta don me ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ai ban taɓa tambaya ba, harara kawai nake yi.

Na warke, tabo dai ya zauna. 'Yan mata, fuska ba tukunya ba ce, ku daina kankare ta. In kun ga ta wata ta fi taku, ku buɗe baki ku tambaye ta. Ni ga shi na tsufa, ko kwatanta ni za a yi sai a ce mai tabon nan.