Majo Haruna, Wanda Ya Fito Da Ni Daga Rumbu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan shayi ƙanwata ta bugo mini waya daga Belbeji, wai Majo Haruna ya rasu. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Da yawanku ba ku san shi ba. Shi ne babban ma'aikacin asibitin yankinmu na Tarka, a shekarun 1980, lokacin ina yaro.

Ina ɗan shekara bakwai ciwon daji ya kama ni a muƙamuƙi, kumatuna ya yi kamar na cusa goruba. Majo ne ya matsa wa babana har aka kai ni Damagaram. Magani ya yi aiki, kumburin ya saɓe, amma na dawo gida a rame, ko mura ce sai ta kwantar da ni.

Sai bazara ta zo da sanƙarau. Motar rigakafi ta shigo garinmu.

Kakata Iya Dije kuwa ta yi rantsuwa ƙarfe ba zai sake taɓa ni ba. A wajenmu an yarda cewa daji ba ya son allura, in ya ji ƙarfe sai ya fusata ya bazu. Ta ce an tsallake sau ɗaya, ba ta ƙarawa. Ta ɗaga ni cak ta jefa cikin rumbun hatsi, ta ce in na yi tari sai ta ci mutuncina.

Majo ya gama da yaran gari, ya waiga bai gan ni ba. Ya sallami mota, ya zo gidanmu ya zauna a gindin rumbun nan, ya ce a dama masa fura.

Ina jin su daga ciki.

“Iya, ina mijin naki?”

“Ya tafi Gangara.”

“Da waɗannan ƙafafun nasa kamar sillen kara?”

Ƙaiƙayi ya shige mini hanci, na saki atishawa. Asiri ya tonu!

Bai yi mata faɗa ba ko kaɗan. Cewa ya yi, “Iya, maganin da ya kashe dajin ya tafi da ƙarfin jikinsa. Sanƙarau in ya shigo gidan nan, da shi zai fara. Ki riƙe mini shi da hannunki.”

Ya fito da ni daga rumbun. Ta riƙe ni ya yi mini allurar, tana kuka, tana zaginsa, shi kuma yana ta amsa mata da “na gode, Iya.”

Bazarar nan an kai yara makwanci, har da abokina Sale da ya bi babansa kiwo ranar rigakafin. Ni da kowa ya fidda rai da ni, ga ni yau da jikoki.

Bara na je gaishe shi a Damagaram. Idanunsa sun tafi. Ya shafa muƙamuƙina ya yi dariya, ya ce, “Mutumin rumbu! Ƴaƴanka fa, duk an yi musu rigakafi?” Na ce an yi, Baba. Ya ce, “To, mun rabu lafiya.”

Ban san bankwana yake yi mini ba.

Ya Allah, Majo bai tafi ya bar ni cikin duhun rumbu ba. Kada ka bar shi cikin duhun kabari. Ka haskaka masa, ka haɗa shi da Iya Dije a Aljanna.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi cikin addu'a.