Yadda Yaya Barmu Ya Musanya Illa da Pompo

Duk wanda ya san Yaya Barmu ya san shi da balon, wato ƙwallo, a hammata. Kasuwa, balon a hammata. Zaman makoki, balon a hammata. Masallaci kaɗai yake ajiye ta, shi ma sai ya zaɓi inda zai hango ta in ya juya kai wurin sallama.

Ni ce Habsu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa nake zaune a wancan zamani, bayan rasuwar mijina na fari, kuma ni ke dama furar ƴan wasansa. Saboda haka ku jikokinsa da ke yawo kuna cewa Madawa ba ta taɓa yin shugaban ƴan balon irin kakanku ba, ku zauna ku ji. Gaskiya ne, ba a yi irinsa ba. Allah ma ya kiyaye a sake! Da furfura a kaina na shiga karatun manya, kuma ban sha wannan wahalar don in rubuta ƙarya ba.

Daga soja ya dawo da balon ɗin, bayan yaƙin Jamus. Wasu sun dawo da bargo, wasu da agogo, namu ya dawo da fata mai iska a ciki. Ya tara samarin unguwa da ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, ya sa su share fili a bayan gari, ya ce daga yau shi ne Shef, shugaban ƴan wasa. Ba wanda ya musa, tunda duk garin babu wata balon sai tasa. Shi ke zaɓen wanda zai buga, shi ke aika saƙo Buza ko Keita a sa ranar wasa, shi ke neman hatsin ciyar da baƙi. Neman nasa kuwa bai taɓa wuce bakin rumbunmu ba.

Kada ku ɗauka da balon ɗin ake koyon wasa. Ina! Tsumma yake ɗaure masu da igiya, su yi ta harbi har magariba, ita kuwa tana gefe a inuwa tana kallo. Ranar wasa kaɗai take taka ƙasa, shi ma sai an kira wanzami. Lokacin babu mai sa takalmi, sai ka ga ƙarti sun yi layi a ƙofar gidanmu sun miƙe ƙafafu, wanzami yana yanke masu farce, Yaya yana bi yana shafawa da babban yatsa ko an bar tsini.

Wata safiya na buɗe ƙoƙon da nake ɓoye man shanun miya, na iske shi kamar an lashe.

"Yaya, ina man da na ajiye?"

"Ta sha."

"Wa ta sha?"

"Fata ce, Habsu. In ba ta sha mai ba, tsagewa take."

Na ɗaga masa diddigena da ya yi faso, na ce, "Wanga fa? Shi ba fata ba ne?"

Wallahi mutumin nan ya duƙa ya duba da kyau kamar likita, sannan ya miƙe ya ce, "Taki tana warkewa da kanta."

A fili kuwa, ba ƴan hamayya yake yi wa tsawa ba, nasa yake yi wa. Akwai wani siririn yaro, Illa, wanda duk ƙasar Adar ba a ga mai ƙafa irin tasa ba. In ya harba, har a bakin rijiya muna jin ƙarar. Kowa na murna, Yaya kuwa ya dafe ƙirji yana ihu: "Kai Illa! A hankali! Mi ta yi maka? Da ubanka ta yi faɗa?"

Abu ɗaya ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da ido. Wata ranar kasuwa ya shigo gida da wani dogon mutum daga wajen Ibohaman, sunansa Alka, ya ce in kawo fura.

"Na samu mai tsaron gida," in ji shi.

"Ya taɓa ganin balon?"

"Bai taɓa ba. Shi ya sa ba ya jin haushinta."

Ashe tulu ne ya zamo daga bayan jaki, Alka ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, ko ɗigon ruwa bai zuba ba. Shi ke nan Yaya ya bi shi har mahauta yana lallashi. Wasansa na fari, anka harbo, Alka ya kama, ya fita daga fili a natse, ya zo gaban Yaya ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Shef, ga kayanka, sun so su ɓata maka." Mutanen Keita sunka yi dariya har wani ya faɗi. Amma kafin damina ta zagayo, Alka ya zama bango. Cin tuwonsa kuwa, wannan ni kaɗai na san shi, ni da turmina.

Babbar matsalar Yaya ita ce iska. Da baki yake hura balon, ta cikin kara, har idanunsa su fito jawur, ya zauna yana ganin jiri. Ya taɓa kai ta maƙera a hura da zugazugi, ta dawo tana warin gawayi, ya kwana uku bai yi wa maƙerin magana ba. To, sai sunka je wasa Buza. Shugaban ƴan balon na can, wani Abarshi, yana da pompo, irin na hura keke. Yaya ya ga an danna an danna, balon ta cika tam, ba wanda ya yi ko tari. Shi ke nan, hankali ya tafi.

Da sunka dawo na leƙa ina duba bakunan da zan ciyar, na ga babu ɗaya.

"Ina Illa?"

"Yana Buza."

"Yaushe zai dawo?"

"Ba zai dawo ba. Na ba su shi."

"Ka ba su shi? Akuya ce?"

"Ba kyauta ba," in ji shi, ya warware rawaninsa a hankali, sai ga pompo a ciki kamar jariri.

Na ce, "Inna lillahi! Ka ba da yaron da ke ci maku wasa, ka karɓo ƙarfe?"

"Habsu, samari kullum haihuwarsu ake yi a Madawa. Kin taɓa jin wadda ta haifi pompo?"

Illa kuwa ba tilasta shi anka yi ba. Yana da kawunnai a Buza, sun ba shi gona, kuma Abarshi ya yi masa alkawarin zai riƙa harbi yadda ransa ke so.

Bayan girbi ƴan Buza sunka zo mana. Ni kaina na ajiye daka na tafi kallo, da na sani ban je ba. Illa ya yi ta zuba mana har mata munka daina ƙirga. Hannayen Alka sunka kumbura kamar rogo. Yaya yana bin gefen fili yana ihunsa na kullum, "Illa, a hankali!" Yaron ya waigo ya ce, "Ba kai ne Shef ɗina ba yanzu!" ya ƙara wata. Da anka tashi, samarinmu kowa kai a ƙasa, shi kuwa ya zo yana latsa balon yana murmushi.

"Kun ga yadda ta cika? Aikin pompo ke nan."

Wani ya ce, "Mun gani, Shef. Kamar dutse take shiga gidanmu."

Ƴan Buza sunka mayar da mu abin waƙa a kasuwa. Samari sunka kai ƙara wurin mai unguwa, sunka ce a cire Barmu. Ku gane, wannan Shef ɗin shi ne duk abin da Yaya ya mallaka a duniya. Ba shi da sarauta, gonarsa tsakuwa ce, sojan ma bai dawo da wani girma ba. In an cire shi, ya koma Barmu kawai.

Anka zauna a ƙofar mai unguwa. Dattawan nan ba wanda ya taɓa tsayawa kallon balon a cikinsu. Babbansu Baba Nomau ne, mai shanu, kunne ɗaya ba ya ji. Samari sunka yi ta bayanin wa ya harba, wa ya ci, ya ɗaga hannu ya ce wannan duk bai dame shi ba.

"Barmu, aikin nan naka. Ana tara maka ɗiyan mutane, ka fita da su, ka dawo da su?"

"Haka ne, Baba."

"Kamar makiyayin gari ke nan."

"Kamar haka."

Nan Yaya ya kashe kansa da bakinsa. Baba Nomau ya gyara zama, don balon bai san ta ba, amma makiyayi ya san yadda ake auna shi. Ya ce a kira wadda ke ba garken ruwa. Ni ina bayan zana tun ɗazu, ban jira an kira sau biyu ba.

"Habsu, yana shayar da su?"

"Ni ke shayar da su, Baba. Shi dai hatsin yake ɗiba."

"Akwai wanda ya karye a hannunsa?"

"Babu. Ko farce ba ya bari ya yi tsawo."

"Garken ya cika?"

"Saura ɗaya. Kuma shi ne bajimin."

Baba Nomau ya ce to magana ta ƙare. Al'ada sananna ce: makiyayin da dabba ta ɓace a hannunsa, ko ya dawo da ita, ko ya kawo fatarta a shaida ta mutu. In ya kasa, a karɓe sanda. Barmu ya tafi Buza.

Da munka shiga gida ya tsaya yana harara ta. "Uwa ɗaya uba ɗaya, Habsu!"

Na ce, "Shi ya sa ban faɗi zancen man shanu ba."

Ya hau jaki da pompo a rawani. Na ce alhamdu lillahi, hankali ya dawo. Daga bakin Illa na ji abin da ya faru can, bayan shekaru. Abarshi bai yi gardama ba. Ya ce, "Ajiye pompo, ka ɗauki yaronka." Illa ma ya yarda, don ya yi kewar uwarsa. Yaya ya fito da pompo, ya miƙa hannu, Abarshi ya kama ɗaya gefen. Abarshi ya ja, Yaya bai saki ba. Ya sake ja, bai saki ba. Sunka tsaya haka kamar masu gardamar igiyar raƙumi. Can sai Yaya ya mayar da abinsa cikin rawani, ya juya wurin Illa ya ce, "Tuɓe mani rigar nan." Rigar wasa ce da Yaya ya sa anka rina masu da baba, kowa da tasa.

Ya dawo gaban dattawa, ya shimfiɗa riga a ƙasa, ya ce, "Ga fatarsa."

Na rantse maku ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin nan sunka karɓi riga suna miƙa wa juna, suna juyawa, wani har da shinshinawa. Ni ina bayan zana ina cizon gefen zanena don haushi. Sai Baba Nomau ya ce, "Ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"Yana kiwo?"

"Yana yi."

"A garken wa?"

Yaya ya miƙa hannu ya karɓi rigar.

"Fatar dabbar da ke da rai ba shaida ba ce, Barmu. Kawo sanda."

Anka naɗa Shaibu, wani ɗan lakwal mai natsuwa. Amma Baba Nomau ya ce balon ta Barmu ce, ba mai taɓa masa kayansa. Samari sunka yi tsuru, don Shef ba balon ai sunan banza ne. Yaya ya daɗe a tsaye. Kowa ya ɗauka gida zai yi da ita, ni ma haka na ɗauka. Sai ya taka ya sa ta a hannun Shaibu, ya ɗora pompo a kai, ya juya ya tafi. Ranar tuwon da na kai masa haka na ɗauko shi.

Da ƴan Buza sunka sake zuwa, ya ce shi ba ya zuwa kallon wasan yara. Ya zauna a zaure yana tufkar igiya. Muna jin ihu daga bayan gari, yana tashi yana kwantawa, bai ɗaga kai ba. Wajen la'asar sakaliya sai ga gari ya taso da kiɗi. Madawa ta ci! Duk abin da Illa ya harbo, Alka ya tare. Sun ɗauko Shaibu a kafaɗa, kuma ta ƙofar gidanmu sunka biyo, ba wanda ya ko waiga.

Nan fa kaina ya yi zafi. Na fito da muciya a hannu na tare hanya.

"Ku marasa kunya! Wa ya tara ku kuna yawon banza? Wa ya tsinto maku Alka a kasuwa? Hatsin wa kunka ci? Shaibu ya haifi ɗaya a cikinku? Ku sauke shi ku shiga ku gaida mutum!"

Kiɗi ya tsaya. Sunka sauke Shaibu, sunka shiga zaure ɗaya bayan ɗaya sunka durƙusa, har Shaibun. Alka ya ce, "Shef, mun ci."

Yaya bai dube su ba. Ya ce, "Na ji. Ihunku ya hana ni aiki."

Ni da ke tsaye kansa na ga igiyar. Tun azahar yake murza ta, ko taƙi ɗaya bai tufka ba, kuma gemunsa ya jiƙe.

Ba a mayar da shi ba, kuma da za a sake tambaya ta, abin da na faɗa shi zan faɗa. Ya iya tara mutane, ya iya gane mai amfani tun kafin kowa ya gane, amma cin wasa bai taɓa zama damuwarsa ba. Wannan shi ne kakanku, ban ƙara ba, ban rage ba.

Duk sun tafi yanzu, shi da Alka da Illa da Baba Nomau, sun bar ni ina faɗa ni kaɗai. Allah ya jiƙan Yaya Barmu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya yi masa hisabi mai sauƙi, wanda ya fi na ƙofar mai unguwa, kuma ya Ubangiji, a wannan karon kada a kira ni shaida.