Tukunyar iskar Yaya

A kan babur Yaya ya kawo ta gida, ɗaure da roba, ta sha rawayen fenti har ya yi ɓawo. Ya jingine ta a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a Gummi, ya ce tukunyar iska ce, irin wadda masu nutso ke goyawa su shiga ƙarƙashin ruwa suna numfashi. Wajen masu gwanjo ya samo ta. Na ce da ganin wannan, ita ma ta sha nutso a duniya. Bai yi dariya ba.

Mu uku muka rage a gidan tun rasuwar Baba, in ma za a lissafa da Yaya. Shi yana can ramin zinariya a dajin Bukkuyum, sai a yi wata da watanni ba mu sa shi a ido ba. Duk ranar da aka ce rami ya rufta da mutane, Inna ba ta cin abinci sai ta ji muryarsa. Ni kuwa ina koyarwa a Islamiyya da safe, in dawo in tarar da gida tsit kamar an yi shara.

Ya yi mini bayani a tsaye, don sauri yake. Akwai wani mutum a Yawuri mai injin cika iska, yana da masu nutso da ke gyara masa bakin famfunan ban ruwa da ciro abin da ya nutse a gulbi. Mutumin ya ce zai ɗauki Yaya aiki in ya zo da tasa tukunyar, amma sai an kankare fentin tas an ga jikinta, ko akwai tsaga a ɓoye. In ta yi, ya bar rami ke nan. Ya kwance kanta, ya toshe bakin da tsumma, ya miƙo mini guntun katako mai kaifi da soson ƙarfe.

"Ki bi ta sannu," in ji shi. "Amma kak ki bari wuta ta taɓa ta. Goran ruwa na, irin na zubin tukwane, ba baƙin ƙarhe ba. In tas sha wuta lahiya lau za a gane ta, sai ran da anka cika ta, ta hwashe bayan mutum."

Inna tana bakin murhu lokacin, kuma kunnenta ya riga ya yi nauyi.

Haka na shiga aikin, kullum bayan la'asar. In shimfiɗa buhu, in kwantar da ita a cinyata, in yi ta kankara. Ashe fentin hawa hawa ne, ƙarƙashin rawaya akwai shuɗi, ƙarƙashin shuɗi akwai wani fari mai taurin kai. Wanda ya shafa shi ko Allah ya isa aka yi masa, oho. Farcena ya kakkarye, tafin hannuna ya yi kanta. Amma ban ƙi aikin ba. Ƙawayena duk suna gidajensu, babu mai leƙo ni, sai na koma ina yi wa tukunyar hira, ina yi mata faɗa in ta ƙi saki. Duk inda farin ƙarfen ya bayyana, sai in ji kamar na jawo Yaya sama kaɗan daga ramin nan. Kaɗaici ya dame ni a watannin, ba zan ɓoye ba.

Inna kan zauna a tabarma tana kallon hannuna, tana girgiza kai.

Na ci fiye da rabin aikin ranar da na dawo daga makaranta na jiyo ƙaurin fenti tun daga zaure. A garinmu haka ake yi. Duk bokitin fenti ko gwangwanin mai da aka samo, sai a tara kara a banka masa wuta, dattin ya ƙone, a wanke da toka, ya zama na ɗiban ruwa. Inna ta yi haka tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Tukunyar tana jingine a gindin darbejiya, an dirje ta da toka tana ƙyalli, babu ɗigon fenti ko ɗaya. Inna tana tsaye kusa da ita, duk ta yi gumi, tana murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Ga ta nan, na hutasshe ki," ta ce. "Ku yaran yanzu da son wahala. Maza kira shi, ki ce mai ta gamu, shi taho gida."

Na taɓa ta, da sauran ɗumi. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Abin da bakina ya iya ke nan.

Sai washegari na same shi a waya. Na faɗa masa komai. Ina jiyo ƙarar injin niƙan dutse a bayansa.

"Tad daɗe cikin wutar?"

"Har karan ya cinye."

"To," in ji shi. "Kak ki gaya ma Inna. Ki ce an duba an iske tsohuwar tsaga. Kuma kak ki bar ta ta kai hannun wani, shi cika ta."

Na tambaye shi yaushe zai zo. Ya ce sai ya ga yadda rami ya yi.

Ranar kasuwa na kai ta wajen masu zubin tukwane, na tsaya har suka sare ta gida biyu a gabana. Da na koma suka miƙo mini tukunyar girki babba mai kauri, irin ta gidan da ke da mutane. Inna ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce masu gwanjo ba su da tsoron Allah, su sayar wa yaro abu mai tsaga.

A cikinta muke tuwo har yau. Yaya yana can. Kullum Inna za ta auna garin mutum uku, ta kwashe nasa a kwano ta rufe da faifai, da safe in ɗumama mana mu biyu.