Makon da Na'ura Ta Koya wa Baba Nomau Ladabi

Har gobe ban mantawa da Talatar da takardar tuhuma ta samu Baba Nomau a siton Sabon Birni, saura wata bakwai ya yi ritaya. Ku da kuka shigo aikin nan bayan an gama sauya manhaja, kun tarar da komai sumul, kun ɗauka haka Allah ya yi shi. To ku gyara zama, domin ni na ja wa dattijon nan, kuma garin gyara na kusa ƙarasa shi.

A lokacin ina mataimakin jami'in manhaja, wato mafi ƙanƙantar muƙamin da ake bari ya taɓa kwamfuta ba tare da an tsaya a kansa ba. Kamfaninmu na rarraba taki da iri yana da hedikwata a Sakkwato da sito biyu a shiyyarmu, ɗaya a Isa, ɗaya a Sabon Birni. Kowane sito yana da tsohuwar manhajarsa, wadda wani bawan Allah ya rubuta ya bar aiki ya tafi da sirrinta. In ana son a ƙara layi ɗaya a takardar kaya, sai a shafe wata uku ana addu'a. Sai hedikwata ta yanke shawarar a kwashe komai a mayar kan dandali guda, wato manhaja ɗaya da kowane reshe zai shiga ta intanet. A cikin dandalin akwai basirar na'ura, mai taya mu rubuta manhaja, ta tsara rahoto, ta kuma karanta saƙonnin ma'aikata don kama cin zarafi. Ni aka ba aikin kwashe kayan shiyyarmu, kuma na yi ta cika baki a kai har abokan aiki suka gaji da ni.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne, in na'urar ta kama laifi ba ta nuna suna, lambar ma'aikaci kawai take turawa sama, don kada a yi son kai. Na sha yi wa mutane wa'azi a kan wannan adalci.

Baba Nomau Bagobiri ne na asali, da tsagensa a fuska, ya fi shekara ashirin yana riƙe da makullin siton. Direban da ke kawo masa taki daga kudu kuwa Alhaji Rasaki ne, Bayarabe, wanda ya daɗe a hanyar nan har Hausarsa ta koma ta Gobirawa. Ga wanda bai sani ba, tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa na gado. Kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, a yi ta zolaya ba mai fushi. A tsohuwar manhajar, ƙarƙashin kowace takardar kaya akwai wani ɗan fili na ƙarin bayani, an yi shi don a rubuta ko buhu ya yage. Waɗannan dattawa biyu sun mai da shi dandalinsu tun kafin mu san kalmar. Rasaki zai rubuta cewa ga taki nan, bawa mai sawun kaza a kumatu ya fito ya sauke wa ubangidansa. Nomau zai mayar masa cewa ya goge manjan hannunsa kafin ya taɓa takardar kamfani. Ni kuwa da na zo kwashe bayanai, na kwashe har da wannan fili, ban buɗe ko ɗaya na karanta ba.

Na'urar ta karanta. Kwana biyu da kunna dandalin ta tura wa hedikwata rahoto cewa ma'aikaci mai lamba kaza ya shafe shekaru yana kiran wani direba bawa. Rasaki ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan kwangila ne, don haka laifin ya faɗa kan Nomau shi kaɗai. Ƙa'idar kamfani a nan a fili take. Ana ba mutum takardar tuhuma, kwamiti ya zauna cikin mako, kuma da zarar an buɗe fayil ba mai rufe shi sai kwamitin. In aka sake kama mutum da laifin kafin zaman, kora ce, ba sallamar girma, ba haƙƙin ritaya.

Ni na karanta masa takardar, don ranar ya manta tabaransa a gida. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni wa ya zaga. Da na karanto masa saƙonnin, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Injiniya, wanga ai Rasaki na," in ji shi. "Bawana na tun kakanni. Rubuta musu ka ce ban fasa ba."

Na ce masa ba zan rubuta haka ba. Na yi masa bayanin kora, dariyar ta tsaya, ya zauna kan buhu yana kallon makullan hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ƴaƴansa mata biyu suna makaranta, kuma ba shi da wata sana'a bayan wannan.

A nan na yi dabarata ta farko. Na san ko an ɗaure Baba Nomau ba zai iya rubuta wa Rasaki layi biyu ba zagi ba. A dandalin akwai wani maɓalli da ke sa na'ura ta gyara lafazin saƙo kafin ya isa. Na kunna shi a kan su biyun, ban gaya wa kowa ba, ina jin kaina mai wayo. Washegari Rasaki ya taso da tirelar taki. Nomau ya zauna ya buga masa abin da ya saba, amma abin da ya isa wayar Rasaki shi ne, "Ranka ya daɗe Alhaji, da fatan ka tashi lafiya. Muna roƙon ka sanar da mu lokacin isowarka. Mun gode da haɗin kai." Rasaki ya mayar da nasa zagin, na'ura ta wanke shi tas, ya iso wa Nomau da "Malam mai girma" a sama da "naka mai biyayya" a ƙasa.

Ban san ladabi yana yin ɓarna haka ba. Nomau ya karanta sau uku, ya ajiye wayar, ya ce yanzu ya gane wanda ya kai ƙararsa. Rasaki kuma, kamar yadda na ji daga baya, ya tsaya gefen hanya ya kira shi don ya ji ko lafiya. Nomau ya ɗauka ya ce, "Na'am, Alhaji." Rasaki ya kashe wayar. Da ya iso Isa ranar Alhamis ya shigar da tirela harabar sito, ya kashe inji, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motar, ya ce ba inda za shi. Mai siton Isa ya yi ta lallashinsa, Rasaki ya ce shi ba ya kai kaya gidan da ake ce masa ranka ya daɗe. Ga ruwan shuka ya sauka, manoman Gangara da Tsamaye sun fara zarya a ƙofar sitonmu da amalanke.

Mai siton Isa ya kira ni ya faɗa mini. Maimakon in je in faɗi gaskiya, sai na yi dabara ta biyu, wadda ta fi ta farko wauta. Na buɗe wurin da ake ba na'urar umarni, na rubuta mata cewa a siton Sabon Birni kalmomin nan ba zagi ba ne, girmamawa ce da ƙauna, ta koma tsofaffin saƙonni ta koyi salon. Na ce a sito. Ban ce tsakanin mutum biyu ba.

Na'ura kuwa ɗaliba ce mai ƙwazo. Ranar Juma'a da safe ta tsara rahoton mako kamar yadda ta saba, ta tura wa manajar shiyya, Hajiya Balkisu, da sunan mai sito, wato Baba Nomau. Hajiya mace ce da ko gaisuwa kake mata sai ka auna kalmominka. Rahoton ya buɗe da cewa, "Ke baiwata, ajiye kwanon barkonon nan ki karanta, ubangidanki ne ke magana." Daga nan ya jero adadin buhuna daidai, ba kuskure ko ɗaya. A safiyar kuma ta aika wa shugabannin ƙungiyoyin manoma sanarwa cewa bayi su yi haƙuri, taki yana hanya. Wani dattijo daga Tsamaye ya hau babur ya zo har sito da sandarsa yana neman wanda ya rubuta, da ƙyar muka ba shi ruwa ya huce.

Kafin azahar takarda ta biyu ta iso. An dakatar da Baba Nomau, kwamiti zai zauna Litinin a Isa, a karɓi makullai a hannunsa. Ni aka ce in karɓa. Ya ciro su daga aljihu ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in lura da na ƙofar baya, sai an ɗan ɗaga ta take buɗewa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Litinin ni da Baba Nomau muka shiga mota ɗaya zuwa Isa. Kwamitin mutum uku ne, Hajiya a tsakiya, jami'in ma'aikata a dama, mai rubuta bayanin zama a hagu. Aka kira Rasaki a matsayin wanda aka ci zarafinsa. Ya shigo ya zauna can nesa, suka gaisa da Nomau gaisuwar baƙi, kowa yana kallon bango. Hajiya ta fara karanta rahoton Juma'a da babbar murya, jami'in ma'aikata ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ta tambayi Nomau ko shi ya rubuta, ya rantse bai taɓa ganinsa ba, ta ce to sunansa ne a ƙasa.

Nan na miƙe na faɗi komai tun daga filin ƙarin bayani har umarnin Alhamis. Na haɗa kwamfutata da allon bango, na nuna musu saƙonnin makon a layi biyu, abin da kowa ya buga da hannunsa a hagu, abin da na'ura ta isar a dama. Rasaki ya taso ya matso kusa da allo yana bin na hagun da yatsa. Na Laraba ya ce, "Kai bawa, taki ya taso ko ka tsaya lasar manja a Ilori?" Ya karanta shi a hankali, ya juyo idonsa ya yi ja.

"Nomau, ashe ka zage ni?"

"Kullum, safe da marece," in ji Baba Nomau. "Kai na niz zaci ka kai ni ƙara."

"Ni in kai bawana ƙara? Wa za ni zaga in sun kore ka?"

Daga nan Rasaki ya juya ga kwamiti ya yi magana mai tsawo. Ya ce shekarar da motarsa ta ƙone a hanya, gidan Nomau ya zauna wata biyu, ana ba shi tuwo ana ce masa bawa ya ci ya ƙoshi. Ya ce duk garin da ya sauka a ƙasar nan Alhaji ake ce masa, a Sabon Birni kaɗai yake da wanda ke ce masa bawa, kuma nan kaɗai yake jin ba baƙo ba ne. Mai rubuta bayani ya tambaya ko ya sa wannan a fayil, Hajiya ta ce ya sa.

Ba su daɗe suna shawara ba. Aka janye takardu biyun, aka ce in mayar wa Baba Nomau makullansa a gaban kowa, aka rubuta sabuwar takardar tuhuma da sunana, wadda na karɓa da hannu biyu. Da za mu fita Hajiya ta tsayar da ni a ƙofa.

"Sanusi, ni Bafulatana ce," ta ce. "In na'urarka na son wasa da ni, ta je ta zama Babarbariya tukuna."

A ranar tirela ta kama hanyar Sabon Birni, Nomau a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhuna, ina jiyo su suna biyan zagin mako guda da na hana su.

Wannan akwatin da kuke gani a dandali yanzu, mai tambayar ko akwai wasa tsakanin mutanen nan, ni na roƙa aka saka shi, kuma mutum ke cika shi, ba na'ura ba. Abin da na koya shi ne, tsohuwar manhaja ba layukan da aka rubuta kaɗai ba ce, har da abin da mutane suka mai da ita cikin shekaru. Basirar na'ura tana karanta kowace kalma, amma ba ta san wa ya ci tuwon gidan wa ba. Shi ya sa duk wanda na tura kwashe bayanan wani reshe nake cewa ya fara zama mako guda a siton, ya sha fura da su, ya saurara, kafin ya taɓa maɓalli.

Baba Nomau ya yi ritayarsa da girma, aka yi masa walima. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne daga Kano, yana karɓar kaya ya ce an gode Alhaji, shi ke nan. Amma duk ranar da tirelar Rasaki za ta iso, tun hantsi za ku ga dattijon ya jawo kujerarsa bakin ƙofar sito ya zauna. Ba albashi, ba makulli, yana jira kawai motar ta tsaya ya ce wa abokinsa bawa.